Sojan Da Ke Mai Da Iska Ruwa: Kira Ga Samarin Rogo

Duk lokacin da aka ba da sanarwar ɗaukar kurata, samarin Rogo Sabon Gari da na Zarewa da Beli da sauran garuruwan ƙasar Karaye sukan yi cincirindo a shagunan kwamfuta suna cika takardu. Idan mutum ya tambaye su aikin da suke fatan yi a soja, mafi yawansu riƙon bindiga za su ambata, wanda ya fi su dogon buri kuwa ya ce tuƙin jirgin sama. Da wuya a sami wanda ya san cewa a cikin bariki akwai wani ma'aikaci sanye da kaki, wanda aikinsa shi ne ya kama iskar nan da muke shaƙa, ya sanyaya ta har ta zama ruwa, ya adana ta a tanki. Ni a ganina wannan sana'a tana cikin waɗanda suka fi cancanta yaranmu su nema, kuma Jihar Kano tana bukatar masu ita fiye da yadda hukuma ta lura.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ake magana a kai. Iskar duniya gauraye take: wajen kashi 78 cikin ɗari nitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin, wadda ita ce rai yake bukata. Idan aka tace iska daga ƙura da laima, aka matsa ta da inji, sa'an nan aka sake ta ta buɗe, sai ta yi sanyi. Idan aka yi ta maimaita haka, a ƙarshe sai ta zama ruwa. Oksijin tana zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifiri, nitirojin kuwa sai a digiri 196. Wannan 'yar tazara ita ce asirin aikin duka. Kamar yadda mace ke soya man shanu, ruwa ya tashi ya bar mai a tukunya, haka nitirojin ke riga tashi a cikin doguwar hasumiyar injin, ta bar oksijin a ƙasa, ruwa mai ɗan shuɗi-shuɗi. Wani Bajamushe mai suna Carl von Linde shi ya fito da hanyar mai da iska ruwa da yawa a shekarar 1895, kuma har gobe a kan tubalinsa ake gini.

To, me ya haɗa soja da wannan? Matuƙin jirgin yaƙi, da zarar ya wuce ƙafa 10,000 a sama, iska ba ta isarsa, kuma idan ba a ba shi oksijin ta takunkumin fuska ba, hankalinsa zai soma gushewa ba tare da ya ankara ba. Dalilin da ya sa ake mai da ita ruwa kuwa shi ne wuri: lita ɗaya ta ruwan oksijin tana ba da wajen lita 860 ta iska, saboda haka ɗan ƙaramin tulu ya isa doguwar tafiya. Nitirojin kuma da ita ake hura tayoyin jirgi da ƙafafun saukarsa, domin ba ta taimakon wuta. Ashe ke nan ran matuƙin da ake yi wa kirari yana hannun wani kofur ko saje da ba a taɓa ganin hotonsa a jarida ba.

Mutanen Nijeriya da yawa ba su san Rundunar Mayaƙan Sama, wadda aka kafa a 1964, tana da irin wannan masana'anta ba sai a shekarar 2020. A lokacin annobar korona, sa'ad da Sadique Abubakar yake shugabancin rundunar, injinta na ruwan oksijin da ke barikin Yola ya koma yi wa farar hula aiki, aka riƙa ɗura iska a tuluna ana kai wa wuraren da aka killace masu cutar. A 2021 ma, da asibitocin Indiya suka rasa oksijin mutane suna mutuwa a ƙofar asibiti, jiragen sojan saman ƙasar ne suka yi jigilar manyan tankuna daga ƙasashen waje. A duka wuraren biyu, abin da aka tanada domin yaƙi shi ya ceci marasa lafiya.

Abin da ya sa nake kiran samarin Rogo musamman shi ne, hannun da aikin ke bukata akwai shi a garin. Yaron da ya tashi yana kwance injin ban-ruwa a fadama, ko yana gyaran injin matse rake, ko yana riƙe wa mai walda tiyo a bakin kasuwa, ya riga ya san ƙarar inji mai lafiya da ta mai ciwo. Tulun nan dogo da ke jingine a rumfar mai walda, oksijin ce a ciki. Abin da yaron ya rasa shi ne ilmin da ke bayan abin da hannunsa ke yi, da kuma horo, waɗanda su ne soja ke bayarwa. A Kaduna, wadda ba ta yi wa mutumin Rogo nisa ba, rundunar tana da makarantar fasaha da ta samo asali tun 1977, inda ake horar da masu kula da jirage da kayan aikinsu.

Na ambaci horo ne da gangan, domin wannan aiki ba ya yafe sakaci. Giris ko ɗigon mai a bakin bawul, idan ya haɗu da tsantsar oksijin, yana iya kamawa da wuta nan take ba tare da ashana ba. Rigar da ta sha oksijin takan ci kamar busasshiyar ciyawa. Ruwan, idan ya zuba a fata, ƙuna yake yi kamar ta garwashi. Nitirojin kuwa ta fi su makirci, ba ta da wari ba ta da launi, idan ta yi yoyo a rufaffen ɗaki sai mutum ya faɗi bai san abin da ya kayar da shi ba. Ƙari a kan haka, ƙasarmu tana da nata jarrabawar: ƙurar hunturu tana toshe matata, ɗaukewar lantarki kuma tana sa injin ya ɗumama, a ɓata awoyi masu yawa kafin sanyinsa ya dawo. Saboda haka ma'aikacin kullum yana cikin duba ma'auni, da rubuta abin da ya gani a littafi, da gwada tsarkin iskar kafin a kai ta jirgi. Halin nan namu na "bari sai ya lalace a gyara", wanda ya mai da harabar ma'aikatu da yawa makabartar injuna, ba shi da masauki a nan.

Na san akwai iyayen da za su ce ai soja soja ne, kuma gaskiyarsu. Mai wannan sana'a yana ƙarƙashin dokar soja, ana iya tura shi Maiduguri ko duk inda aka ga dama, kuma ba kowane kurtu ke samun fannin da ya zaɓa ba, rundunar ce ke rabawa bisa ga bukatarta da takardun mutum. Wasu kuma za su ce jiragen zamani da dama suna tace oksijin da kansu a sama, don haka sana'ar ta kusa mutuwa. Wannan kam ban yarda ba. Na'urar da ke cikin jirgin ita ma mai kula take bukata, sa'an nan kasuwar iskar a wajen bariki ta ninka ta cikinsa. Asibitoci suna bukatarta domin jarirai bakwaini da yara masu ciwon haƙarƙari da matan da aka yi wa tiyata. Masana'antun ƙarfe suna bukata. Hatta masu binciken dabbobi, irin na cibiyar da ke Shika kusa da Zariya, da ruwan nitirojin suke adana irin bijimai. Sojan da ya yi ritaya da wannan sana'a a hannu ba zai ƙare a gadin ƙofar wani attajiri ba.

A nan ne nake son ma'aikatan gwamnati su saurara. Sayen injin oksijin da yanke ƙyalle a gabansa abu ne mai sauƙi. Riƙe shi yana aiki shekara goma shi ne wuya. Kamata ya yi Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta tattara sunayen 'yan jihar da suka bar soja da wannan ƙwarewa, ta ɗauke su aiki a manyan asibitoci, su kuma horar da na baya, ta yadda maras lafiya daga Rogo ko Karaye ba sai an yi gudun ceton rai da shi zuwa Kano ko Zariya don neman tulu ɗaya ba.

Shugabannin makarantun sakandare na Rogo kuma su gaya wa ɗalibai tun suna aji huɗu cewa lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci su ne mabuɗin fannonin fasaha a soja, su daina barin yaro ya gudu daga ajin kimiyya don tsoron jarrabawa. Ƙaramar Hukuma ta sauƙaƙa wa masu nema samun takardar shaidar asali, ta kuma sa a yi shela a masallatai da ranar kasuwa cewa neman shiga rundunar kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi don ya saka sunan yaro a kai ƙararsa wurin 'yan sanda.