Kafin a Karɓi Harajin Mai, a Gama Hanyar Gwagwalada Zuwa Lakwaja

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Kurmi, ko a Anacha yake zaune ko a Fatakwal ko a Binin, ya san Gwagwalada ko da bai taɓa kwana a cikinta ba. Nan mota take tsayawa a yi salla a sha shayi kafin a fuskanci Kwali da Abaji da Kwatankarfe, a ƙetare gadar Murtala a shiga Lakwaja. Ta nan shanu da albasa da tumatir da wake suke gangarawa Kudu, ta nan kuma tankokin mai suke hawowa. Garin kansa cike yake da ƙananan ma'aikata waɗanda hayar Garki da Wuse ta fi ƙarfinsu, suna sammako kullum su shiga birni aiki, su komo da dare. Saboda haka in aka ƙara kwabo ɗaya a kan litar mai, mutumin Gwagwalada na cikin waɗanda suke fara jin sa a jika.

Ba kwabo ɗaya aka ƙara ba kuwa. Ran 29 ga Mayu, 2023 ta shafi kowane gida a ƙasar nan, domin a ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a filin rantsuwa ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta koma 537 a Abuja cikin 'yan kwanaki, ta zama 617 a watan Yuli. A Satumba 2024 ta kai 897, a Oktoba kuma ta haye 1,030 a gidajen man NNPC. A tsakanin nan mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, watau mai ya ninka fiye da sau biyar, albashi kuwa sau biyu da 'yan kai. Mai ga-ruwa da mai gadi da ɗan acaɓa ma ba su cikin lissafin albashin nan sam.

Ana cikin wannan hali sai ga maganar haraji. Ran 26 ga Yuni, 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, a cikinsu kuwa akwai ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan fetur da dizal. An keɓe kananzir da gas na girki da gas na mota. Da jama'a suka yi caa, ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta yi barazanar yajin aiki, sai mahukunta suka fito da bayani iri biyu. Suka ce harajin tsoho ne, tun 2007 yake cikin dokar Hukumar Gyaran Hanyoyin Tarayya, watau FERMA, kuma domin gyaran hanyoyi aka yi shi. Kana Ministan Kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya ce a Satumba 2025 babu niyyar fara karɓarsa nan kusa, sai ranar da minista ya ba da umarni aka buga a Gazet.

To, wannan shi ne abin da 'yan kanzagi suke yawo da shi a tashoshin mota, suna cewa tun da ba a fara karɓa ba, mene ne na tada jijiyar wuya? Amsarsu mai sauƙi ce. Harajin da ba ya bukatar komai sai sa hannun mutum ɗaya, wuƙa ce da aka riga aka wasa aka ajiye a ƙarƙashin matashi. Ba sai an koma Majalisa ba, ba sai an tambayi kowa ba. Idan lita tana naira 1,000, naira 50 ke nan a kan kowace lita, kuma direban tirelar da ya ɗauko shanu daga Potiskum ba daga aljihunsa zai biya ba. Zai ɗora wa mai shanu, mai shanu ya ɗora wa mahauci, mahauci ya ɗora wa mai saye, mai saye kuma ya zagi Bahaushen da ke tsaye a gabansa, domin shi yake gani, ba ya ganin minista.

Amma tun da sun ce kuɗin na hanya ne, bari a yi maganar hanya, kuma babu shaidar da ta fi wadda ta ratsa Gwagwalada. A 2006, zamanin Cif Olusegun Obasanjo, aka ba da kwangilar mayar da hanyar Abuja zuwa Lakwaja mai tagwayen hannu, tafiyar kilomita 200 ko kusa da haka. A 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙara kuɗin mai, sai ta kafa shirin SURE-P ta ce rarar kuɗin za ta tafi ga manyan ayyuka, kuma wannan hanya na cikin jerin. A 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ci bashin Sukuk na naira biliyan 100 domin hanyoyi, wannan hanya kuma ta sake fitowa a jerin. Har aka shiga 2025, shekara 19 bayan kwangilar farko, ba a gama ta ba, wuraren da aka fara gamawa ma sun riga sun fashe ana sake su. Yaron da aka haifa ranar da aka kawo katafila ta farko ya isa aure. A Oktoba 2022 ambaliya ta shafe hanyar a Kwatankarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye, dabbobi da kayan gwari suka lalace, Abuja ta faɗa cikin ƙarancin mai. Talaka ya biya kuɗin hanyar nan daga kasafi, ya biya daga ƙarin kuɗin mai, ya biya da bashin da jikokinsa za su gada. Da wane ido za a dube shi a ce ya kawo na huɗu?

Ko Janar Sani Abacha, wanda ba a zaɓe shi ba kuma ba ya neman yardar kowa, da ya ƙara kuɗin mai a 1994 ya kafa asusun PTF, jama'a suka ga allunansa a bakin hanyoyi da magungunansa a asibitoci. Abin kunya ne a ce farar hula sun kasa abin da soja ya ga ya zama dole.

Saura tambayar da ake yi a majalisun Sabo da Agege da Ama Hausa: a fita zanga-zanga ko a yi shiru? Masu wa'azin haƙuri su dubi tarihi. A farkon 2004 Obasanjo ya rushe shingayen karɓar kuɗin hanya ya sa harajin naira 1 da kwabo 50 a kan kowace lita, shi ma da sunan gyaran hanya. Ƙungiyar NLC ƙarƙashin Adams Oshiomhole ta ja daga, magana ta kai kotu, aka dakatar da harajin. Ran 1 ga Janairu, 2012 aka tashi da fetur ya koma naira 141 daga 65. Ran 9 ga wata ƙasa ta tsaya cik, Ojota a Ikko ta cika maƙil, Kano ta cika, Musulmi suna salla Kirista suna gadinsu. Ran 16 ga wata gwamnati ta sauko zuwa 97. Wannan ihu ne ya sa Majalisar Wakilai ta binciki tallafin ta tono satar da ta haura naira tiriliyan ɗaya, ko da yake shi kansa shugaban kwamitin binciken, Faruk Lawan, daga baya kotu ta ɗaure shi a kan cin hanci. A Nuwamba 2025 ma gwamnati ta jingine harajin kashi 15 cikin 100 da ta amince a sa wa man da ake shigowa da shi, bayan koke ya yi yawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da shiru ya samo. Bugu da ƙari, sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta yanke a 2007 cewa ba a bukatar izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana.

To, amma fa akwai fita, akwai fita. Abin da ya faru a Agusta 2024 bai kamata ya fita daga ran kowa ba. An kira zanga-zangar kwana goma a kan tsadar rayuwa, ba shugaban da za a zauna da shi, bukatu kuwa sun fi a ƙirga. A Ikko aka yi aka watse. A Arewa aka kwashe gawawwaki. Ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe, 'yan sanda suka musanta. Kano ta shiga dokar hana fita, ɓata-gari suka wawashe dukiyar jama'a, wasu yara suka ɗaga tutar Rasha ba su ma san inda Rasha take ba. Ran 1 ga Nuwamba aka gurfanar da fiye da mutum 70 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu da ƙananan yara da suka yi wata uku a tsare, huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowane naira miliyan 10. Sai da duniya ta yi tir sannan aka sake su.  Kuɗin mai kuwa, wata ɗaya bayan zanga-zangar, sama ya ƙara yi.

Ɗan Arewa mazaunin Kudu yana da nasa hatsarin na daban. Shi baƙo ne, rumfarsa ta katako ce, kuma in tarzoma ta ɓarke a Badun ko Aba ba a tambayar wa ya fara, unguwar baƙi ake nufa. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairu 2021 ya isa darasi. Bayansa ƙungiyar fataken abinci da shanu ta hana kaya sauka Kudu kusan mako guda, farashi ya tashi a Mil 12, mahukunta suka zo da gudu neman sulhu. Wannan ya nuna cewa fatake suna da ƙarfin da gwamnati ke tsoro. Ya kuma nuna farashinsa, domin tumatir ya ruɓe a hannun manoman Kano, aka kuma fassara abin a matsayin faɗan Arewa da Kudu. In aka sake a kan harajin mai da wannan siga, masu mulki za su yi dariya, gama sun fi kowa iya mayar da kukan yunwa faɗan ƙabila. Haka nan wanda ya tare hanya a Gwagwalada ya ƙona taya, ba ministan da zai makara, tun da su ta sama suke bi. Shanun ɗan'uwansa ne za su mutu a cikin tirela, mai naƙuda kuma ta kasa isa Asibitin Koyarwa.

Abin da ya dace shi ne a fito, a kuma fito tun harajin yana kwance a takarda. Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Idi-Araba, da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari, da ƙungiyoyin direbobi, su zauna da 'yan'uwansu Yarbawa da Ibo masu sana'a iri ɗaya, domin matar da ke sayar da barkono a Bodija da direban Anacha lita ɗaya suke saye. Su shiga ƙarƙashin inuwar NLC da TUC, su sanar da rana da wuri, dattawa a gaba, yara a gida. Bukata kuma ta zama ƙwaya ɗaya wadda kowa zai iya faɗa: a cire ikon fara harajin daga hannun minista a mayar da shi Majalisa, kuma kada a karɓi ko sisi sai an buga wa jama'a lissafin abin da hanyar Abuja zuwa Lakwaja ta ci tun 2006, da sunayen kamfanonin da suka karɓa. Kowane ɗan ci-rani yana da sanata da ɗan Majalisar Wakilai a garinsu, waɗanda suka ɗaga hannu dokar ta wuce. In an je gida hutun salla, sai a tara jama'a a same su a tambaye su ko sun karanta wannan sashe kafin su amince da shi.