Daga Teburin Malam: Tsibiri Biyar, Aljihu Ɗaya

Waɗanda suka saba bin wannan fili sun san ba kasafai nakan kawo maganar gidana ba, to amma wannan wata sai ku yi mini haƙuri, domin wani alkawari na ɗauka da bakina, ga shi kuwa yana neman ya fi ƙarfin wuyana.

Abin ya samo asali ne ran 14 ga Janairu 2024, daren da Cape Verde ta ci Black Stars biyu da ɗaya a Abijan. Unguwarmu ta yi tsit kamar an yi mutuwa. Ana cikin haka sai autana, wanda a lokacin shekararsa shida, ya ce, "Baba, wai ina ne garin nan da ya cinye mu?" Ni da na shekara ashirin ina koyar da labarin ƙasa ba zan bari tambaya irin wannan ta wuce ba. Na ɗauko taswira na nuna musu wasu 'yan ɗige-ɗige guda goma cikin tekun Atlantika, yamma da Dakar da kamar kilomita 600. Na ce musu tara ne ke da mutane, kuma jama'ar ƙasar duka kamar rabin miliyan ne. Daga nan daɗin magana ya kwashe ni, na ce in Allah ya yarda wata rana zan kai su su gani da idonsu. Na zaci za su manta. Da waɗannan mutane suka sami gurbin shiga gasar cin kofin duniya a watan Oktoba 2025, sai yara suka tayar da maganar, har babbar 'yata ta ce, "Baba, kai ne fa kake ce wa ɗalibai alkawari kaya ne."

Mu shida ne a gida: ni, da uwargida, da yara huɗu. Na zauna da rula da fensir na tsara mana tafiyar kwana goma a tsibiri biyar. Za mu sauka a Santiago inda babban birnin ƙasar, Praia, yake. Daga nan Fogo mai dutsen wuta, sai Sao Vicente, sai Santo Antao mai duwatsu da kwaruruka, mu ƙare a Sal inda ake da farin rairayi da wani tafkin gishiri da mutum ke kwanciya a kai bai nutse ba. A kan takarda abin gwanin sha'awa, kowane tsibiri kwana biyu daidai, kamar jadawalin darasi.

Na kai wa wani tsohon ɗalibina da ke aikin sayar da tikitin jirgi a Akra. Yaron nan mai ladabi ne, amma sai da ya sunkuyar da kai don kada in ga dariyarsa. Ya ce, "Tica, ka gafarce ni, wannan ai tsarin mota ka yi. Ka ɗauka daga Kumasi za ka Techiman, ka wuce Tamale, in mota ɗaya ta tashi ka jira wata." Sa'an nan ya ɗauki fensirina ya shiga lissafi, ni kuwa na koma ɗalibi.

Ga abin da ya fito. Tsibiran nan kashi biyu ne, na kudu da na arewa, kuma yawancin jiragen cikin gida ta Praia suke bi. Wanda ke Fogo yana son zuwa Sao Vicente, galibi sai ya koma Praia tukuna. Santo Antao kuwa jirgin sama ba ya sauka can sam, sai an shiga jirgin ruwa daga Mindelo, tafiyar kamar awa guda, a kuma dawo ta nan. Da muka ƙidaya, tsarina ya ƙunshi tashin jirgin sama sau biyar a cikin ƙasar kawai, wato kujera 30 ga mutum shida, ban da kujeru 12 na jirgin ruwa, ban da kuɗin zuwa da dawowa gida. Biyu daga cikin yarana sun wuce shekara 12, saboda haka kuɗin babba za a biya musu. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ƙidayar kwanaki: cikin kwana goman nan, takwas akwai ɗaurin kaya da zaman jira a cikinsu. Ashe hutun da na shirya wa iyalina na ganin filayen jirgi ne.

Kuma wannan lissafi na ranar da komai ya tafi daidai ne. Ƙurar hunturun nan da ke busar mana da leɓe daga Disamba zuwa Fabrairu ba a bakin teku take tsayawa ba, har can take kaiwa, su suna ce mata bruma seca, wato busasshen hazo. In ta yi kauri ƙananan jirage ba sa iya sauka a ƙananan filaye irin na Fogo, a soke tashi kwana ɗaya ko fiye. Jirgin ruwa shi ma in teku ta yi fushi sai ya zauna. A kan tudu in mota ta lalace akwai wata, in babu akwai babur, in ta kama ma a taka da ƙafa. A tsibiri babu wannan. To a ce mutum yana Fogo, jirginsa na komawa gida zai tashi daga Praia gobe da safe, aka ce yau ba tashi. Tikitin cikin gida dabam, na komawa Ghana dabam, kamfanin na biyu ba ruwansa da abin da ya faru da na farko. Tikiti shida sun tafi ke nan, ga kuɗin masauki na ƙaruwa, ga makaranta za a buɗe ran Litinin malami yana tsakiyar teku.

A hanyata ta komawa Kumasi na yi ta tuna kakana, Allah ya ji ƙansa. Mahaifinsa yana cikin fataken da suka riƙa zuwa Salaga daga Kano sayen goro, kuma shi ya sha gaya mana yadda madugu ke shirya ayari. Ya ce madugu ba ya auna zango da ƙarfin samari, da jakin da ya fi kowanne rauni yake aunawa, da kuma inda ruwa yake. Yakan bar kwanaki a ajiye saboda kogin da zai cika ko wanda zai kwanta ciwo. Mu da muke zaune a unguwannin da har yau sunansu zango, bai kamata a ce sai wani ya koya mana wannan ba. A ayarina akwai yaro ɗan shekara takwas da ba ya jure yunwa, akwai kuma uwargida wadda, ranar da muka haye tafkin Volta daga Yeji zuwa Makango, ruwa kwance lumui, ta kasa ɗaga kai har muka sauka. Ita ce na rubuta wa hawa teku sau biyu ban ko tambaye ta ba.

Da na kawo mata maganar ba ta yi mini faɗa ba, sharuɗɗa ta gindaya. Ta ce, "Malam, ni ban hana ba. Amma kuɗin makarantar yara ba a taɓa su, abin da muke tarawa na Makka ba a taɓa shi, kuma kada ka ci bashi don yawo." Na amsa duka. Abin da ya rage shi ne kuɗin darasin yamma da nake yi wa masu shirin jarrabawa, da kwasar susu da za ta zo kaina. Da wannan ne muka sake zama, wannan karon mu duka a tabarma ɗaya, aka yanke tsibiri uku.

Santiago da Fogo suka rage, kwana tara. Babbar 'yata ta ɓata rai saboda Sal, don hotunan da take gani a waya duk na can ne. Na nuna mata cewa a arewacin Santiago akwai Tarrafal, bakin ruwa mai rairayi da ake zuwa da ƙaramar bas irin trotro ɗinmu, kuma a garin ne gwamnatin Fotugal ta buɗe kurkuku a 1936, inda daga baya ta tsare masu neman 'yancin kai. Yau gidan tarihi ne. Ta ce ita ba kurkuku ta ce a kai ta ba. Har yanzu ba mu gama shiryawa ba, amma ta daina kawar da kai in na shigo.

Fogo kuwa ban yarda a cire shi ba, ko da za a ce son kai ne. Shekara ashirin ina zana dutse mai aman wuta a allo da alli, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Tsayin wannan mita 2,829 ne, alhali Afadjato da muke alfahari da shi littattafan makaranta mita 885 suke ba shi. Ya yi aman wuta a 1995, ya sake a watan Nuwamba 2014, narkakken dutse ya binne ƙauyuka biyu, Portela da Bangaeira, amma mutanen suka koma suka sake gini a kan baƙin dutsen, saboda ƙasar wurin tana ba da amfani. Ina so yarana su ga mutanen nan. Daga Praia tafiyar kamar rabin awa ce a sama, saboda haka uwargida ta tsira daga teku. Za mu je Fogo a tsakiyar tafiya, mu dawo Praia saura kwana biyu cur kafin jirgin gida. In an soke tashi muna da abin da za mu ci daga ciki, in ba a soke ba mu yi kwanakin a kasuwa da Cidade Velha.

Zaɓen lokaci shi ma ya ci mana dare guda. Malami ba shi da zaɓi sai hutun makaranta. Dogon hutu na Agusta ya faɗo cikin 'yar daminarsu, kuma ba a manta ba a Agustan 2025 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya yi ambaliya a Sao Vicente har aka rasa rayuka. Hutun Disamba ga ƙura, ga Turawa masu gudun sanyi sun cika masaukai, farashi ya hau. Sai muka tsaya a kan hutun Ista: azumi a 'yan shekarun nan yana ƙarewa kafin lokacin, hazo ya ja baya. Illarsa ɗaya, ragon layya na nan tafe a wata mai bi masa, don haka na ware kuɗinsa tun yanzu na damƙa wa uwargida.

Ga duk mai irin wannan niyya, bari in faɗi abin da na koya game da takardu. Cape Verde tana cikin ECOWAS, kuma yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka, ma'aikacin shige da fice yana iya neman tikitin komawa, da shaidar masauki, da shaidar kana da abin kashewa, don haka a riƙe su a takarda, ba a waya kaɗai ba. Kowane yaro da fasfonsa, kowa da katin rigakafin shawara. 'Yan'uwanmu masu fasfon Nijar su tambayi ofishin jakadanci tukuna, tun da ƙasarsu ta fita daga ƙungiyar a Janairu 2025. Sa'an nan a lura da hanya. Wani lokaci za ka ga tikiti ta Lisbon ya fi araha, amma mai fasfon Ghana ko Nijeriya yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgin ba. Mu ta Dakar za mu bi. Kuɗinsu eskudo ne, an ɗaure shi da yuro, kusan 110 a yuro ɗaya, saboda haka ni da yuro nake yin lissafi ina canzawa kaɗan-kaɗan, don na san halin sidi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Janairu 2024 cewa ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, amma a shekarar nan sun yi fama da zazzaɓin denge, wanda shi ma sauro ke kawowa. Gidan sauronmu yana cikin kaya.

Abinci kuma, babban tuwonsu shi ne kacupa, dafa-dukan masara da wake, kuma sau da yawa da naman alade a ciki. Yawancin mutanen Kirista ne, Musulmi kaɗan ne, galibinsu baƙi daga Senegal da Gini. Shi ya sa muka fasa otal, muka nemi gidan haya mai kicin, wanda ga mutum shida ya ma fi sauƙi. Kifi ba ya yankewa a can. Uwargida ta riga ta rubuta gari da shito da yaji, ni kuma na sa yara haddace kalmomi biyu na Fotugis, sem porco, wato ban da alade. Auta yana faɗar su ko an miƙa masa koko.

Saura maganar kawuna, wanda ya ji labari ya kira ni. Ya ce shi ya san tafiyar fatauci, da ta neman ilimi, da ta zumunci, da ta Makka, amma bai san wadda mutum zai kwashi iyali ya je kallon ruwa ba. Ban yi masa musu ba, don akwai gaskiya a maganarsa, kuma ni kaina wani dare nakan kwanta ina tunanin rufin ɗakin da ke yoyo. Abin da na gaya masa shi ne, duk shekara ina kai ɗalibai Elmina, ganuwar da Fotugis suka gina a 1482, in tsaya da su a ƙofar da ake fitar da bayi, su tambaye ni ina aka kai su. Ɗaya daga cikin manyan zangunan wannan mugun ciniki shi ne Cidade Velha, kilomita 15 daga Praia, garin da aka kafa a 1462, inda har yau ginshiƙin da ake ɗaure bayi a yi musu bulala yake tsaye a dandali. Na ce ina so in tsaya a wurin da 'ya'yana. Kawu ya yi shiru, can ya ce in na je in duba masa ko suna cin goro.

Fasfo huɗu sun fito, saura biyu. Taswirar tana manne a bangon falo, tsibirai ukun da aka yanke auta ya zagaye su da jan biro, ya rubuta "bashi" a gefe. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.