Admiral Halsey: Jarumta ba ta wanke ganganci

A tarihin sojin ruwan Amurka, ba kasafai ake samun kwamandan da jama'a suka so kamar William Halsey ba. A ganina ya cancanci yabon, amma wannan farin jini ne ya hana a hukunta shi lokacin da ya kamata.

An haifi Halsey a 1882, ya kammala makarantar hafsoshin ruwa a 1904. Da aka ba shi damar jagorantar Saratoga, jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi, an ce gajeren kwas ya ishe shi. Shi kuwa ya zaɓi cikakken horon tuƙin jirgin sama tare da sa'annin 'ya'yansa, ya gama a 1935 yana da shekara 52. Gemu bai hana shi neman ilimi ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya jagoranci rundunar da ta kai jiragen da suka yi wa Tokiyo ruwan bama-bamai a Afrilun 1942. A Oktoban shekarar aka damƙa masa yaƙin kudancin tekun Pasifik, ya farfaɗo da gwiwar dakarun da ke Guadalcanal.

Sai dai zafin naman da ya ɗaukaka shi, shi ya jawo asara. A Oktoban 1944, a yaƙin Leyte da ke Filifin, Japanawa suka yi masa tarko da jiragen dako da kusan babu jiragen sama a kansu. Ya kwashi rundunarsa ya bi su arewa, ya bar mashigin San Bernardino babu mai gadi. Ƙananan jiragen ruwan Amurka ne suka tari manyan na Japan, da yawa daga sojojinsu suka halaka.

Bayan wata biyu, a Disamba, rundunarsa ta faɗa cikin mahaukaciyar guguwa. Jiragen ruwa uku suka nutse, mutum kusan 790 suka mutu. Kwamitin bincike ya ce ya yi kuskure, amma aka bar shi kan muƙaminsa. A Yunin 1945 ya sake shiga wata guguwar. Wannan karon kwamiti ya nemi a duba yiwuwar sauya masa wurin aiki, manyansa suka ƙi. A Disambar shekarar ma aka ƙara masa girma zuwa mai tauraro biyar.

Masu kare shi na cewa hasashen yanayi na wancan zamani ba shi da inganci, kuma sauke gwarzo ana tsakiyar yaƙi zai karya zukatan sojoji. Akwai gaskiya a ciki. Amma uzurin da aka karɓa a guguwar farko bai kamata ya yi aiki a ta biyu ba. Waɗanda suka nutse su ma 'ya'yan wasu ne.

A yaba wa Halsey kan koyon tuƙi da furfura da kuma Guadalcanal, amma duk inda aka lissafa nasarorinsa, a lissafa mutum 790 ɗin nan tare da su.