Rairayin da ke cike Tabkin Madarunfa daga gonakinmu yake fitowa

Duk wanda ya san jihar Maraɗi ya san cewa arzikin kudancinta a bakin gulbi yake. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Najeriya ya faɗa cikin Rima. Ruwansa na damina ne kawai, amma abin da yake bari cikin fadama shi ke ciyar da mutane da dabbobi har ƙarshen rani. Dattawa ba su manta da ƙarfinsa ba, domin ambaliyarsa ta 1945 ce ta sa garin Maraɗi ya tashi daga kwari ya koma tudu.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a 1989, ruwan da ke isowa gare mu ya ragu, kuma kukan manoma a kan haka gaskiya ne. Akwai yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sanya wa hannu a Maiduguri a 1990 a kan rabon ruwan da suke tarayya a kansa, har da wannan gulbi. Wajibi ne hukumomi su riƙa tuna wa maƙwabtanmu wannan alkawari. Sai dai fa in muka ɗora wa Jibiya dukan laifi, mun yaudari kanmu.

A dubi Tabkin Madarunfa, wanda masunta da makiyaya da masu noman rani suke dogara da shi, kuma masu ziyarar kaburburan waliyyai suke zuwa bakinsa. Ciwon da ke cin sa a hankali shi ne rairayi. Idan aka sare itatuwan tudu, aka nome gona har gaɓar ruwa, to, ruwan sama na farko sai ya kwashe ƙasa ya bi da ita ta ƙoramu ya zube cikin tabki. Kowace damina zurfi na raguwa. Ruwa maras zurfi kuwa rana ke shanye shi da wuri, kifi ya rasa wurin haihuwa, shanu su yi ta cuɗa laka. Wannan rairayi ba daga ƙetare ya zo ba.

An sanya tabkin cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Abin alfahari ne, amma takarda ba ta tare rairayi.

Maganin yana hannunmu, kuma mun san shi. A nan Maraɗi aka yi babban taron yaƙi da hamada a 1984, a nan kuma manoma suka nuna wa duniya cewa barin gawo da kalgo su tofo cikin gona yana raya ƙasa. Abin da ya rage shi ne a bar fili tsakanin gona da gaɓa, a dasa gamba da bagaruwa, a yi gayya a tare bakin ƙoramu da duwatsu, a kuma buɗe wa dabbobi burtali zuwa mashaya. Sarakuna da masu gari da ma'aikatan ruwa da dazuzzuka su zauna da talakawa su shata iyakar nan tun kafin ruwan shuka ya sauka.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.