A nemo kaya tukuna, sannan a sayi mota

Jama'a, yau da matasanmu na Icirnawa nake magana, da kuma iyayen da ke sayar da gona ko shanun huɗa don a saya wa yaro motar dako. Ni ma na bi ta wannan hanya, kuma na sha wuya. Shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Lokacin da na tashi fara dako, mahaifina ya sayar da shanunmu biyu, na haɗa da abin da na tara a ci-rani. Wani dillali ya nuna min mota sai ƙyalli take, fenti sabo, ga na'urar sanyi, ga allo mai fitilu iri-iri. Ban tafi da bakanike ba. Ban tambayi ko akwai kayan gyaranta a Matamaye ba. Wata na uku ta mutu da ni tsakanin Kance da Takeita, cike da tumatirin mutane da zan kai Damagaram. Bakaniken da ya zo ya ce sai an jona ta da kwamfuta. Kafin a samo mai kwamfutar, tumatir ya zama miya. Na biya masu kaya, na biya gyara, shanu kuma sun tafi.

To, laifin wa? Da nawa, da na wannan tunani da ya shige mu, wai mota mai kyan gani ita ce mai kawo kuɗi. Ƙarya ne wallahi. Mai kaya ba ruwansa da fenti. Abin da ya dame shi kayansa su isa kasuwa kafin ta watse.

Dubi abin da muke ɗauka a nan: rake, tumatir, kabeji, buhunan gero da wake, awakin da ake kaiwa Mai'adua ta Ɗan Barto ranar Lahadi. Mai jigilar rake da dabbobi buɗaɗɗiyar mota yake buƙata, irin bashe. Mai kai kayan shago da kwalaye, rufaffiya irin Hiace ta fi masa. Kuma ba don banza tashoshinmu suka cika da Hiace ba. Kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta ana samu daga Damagaram har Kano. Sannan ka tuna, da ka sauka daga kwalta rairayi ne. Motar da gindinta ke ƙasa, a nan za ta kwana.

Sai zancen mai. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man bumburutu mai arha da muka dogara da shi ya zama labari. A farkon 2025 kowa ya ga layin isansi a gidajen mai, ga kuma matatar SORAZ a jiharmu. Iyaka ma an rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, motoci suka yi watanni a ajiye. Wanda ya ci bashi ya sayi mota don hanya ɗaya tak, ya ji a jikinsa. Saboda haka lissafa lita nawa take sha zuwa Damagaram da dawowa, isansi ce ko gazuwal, tun kafin ka taya.

Takardu kuma kar ka yarda da "za a kawo daga baya". Takardar duwan, kartigiris, asiransi, duka ka gani da idonka, ka gwada lambar jikin mota da ta takarda. In ba haka ba, ribarka a shingen jandarma za ta ƙare. Kuma kada ka zuba kuɗinka kaf a sayen mota. Rage na taya da na gyaran farko, don babu tsohuwar motar da ba ta da ciwon ɓoye.

Kirana ga sandikar direbobi: ku ware dattawan direbobi da za su riƙa raka duk yaron da zai sayi motarsa ta farko. Iyaye kuma, kafin ku sa hannu a sayar da gona, ku tambayi yaron: kayan wa za ka ɗauka, zuwa ina, sau nawa a mako? In ya kasa amsawa, ya ƙara shekara yana yaron mota. Ba abin kunya ba ne. Mota takan mutu a bar ta a garejin wani, gona kuwa ko bana ba ta yi ba, baɗi tana nan.