Jiragen Fito: Doka Ba Za Ta Yi Aiki Ba Sai Da Tallafi

Da wuya shekara ta ƙare a ƙasar nan ba a ji labarin jirgin ruwa ya kife da gomman mutane ba. A watan Mayun 2021, wani jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a kogin Kwara kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, kuma waɗanda aka ceto ba su wuce kimanin 20 ba. A ƙarshen Nuwamban shekarar, aƙalla mutum 29 suka rasu a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. A Yunin 2023, fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara. A daren 1 ga Oktoban 2024 kuma, jirgin da ya ɗauko kusan mutum 300, yawancinsu mata da yara, ya kife a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa a jihar Neja.

Duk lokacin da haka ta faru, abin da ke biyo baya sananne ne. Gwamna ya je jaje, fadar shugaban ƙasa ta fitar da saƙon ta'aziyya, a kafa kwamitin bincike, a ɗora laifi kan matuƙa: sun yi lodin da ya wuce ƙima, sun yi tafiyar dare, ba su ba fasinja rigar kariya ba. Duk gaskiya ne, kuma ba ma wanke duk matuƙin da ya fifita kuɗi a kan rai. Amma ra'ayin wannan jarida shi ne, muddin gwamnati ta tsaya ga kafa doka kawai ba ta sa kuɗinta a harkar fito ba, to dokar za ta ci gaba da zama a takarda, mutane kuma su ci gaba da mutuwa a ruwa.

Dokoki dai akwai su. Tun 1997 aka kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, mai hedikwata a Lokoja. A 2023 aka ƙirƙiro ma'aikata sukutum domin harkokin teku da tattalin arzikin ruwa, aka kuma fitar da ƙa'idojin sufurin ruwa da suka hana tafiyar dare, suka hana wuce ƙa'idar lodi, suka wajabta sanya rigar kariya. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da ta haɗa hukumar da gwamnatin jihar Legas, cewa ikon kula da waɗannan hanyoyi na gwamnatin tarayya ne. Wanda aka tabbatar wa iko kuwa, an ɗora masa nauyi ke nan. To amma ƙasar da ke da hanyoyin ruwa na kimanin kilomita 10,000, da mashigai bila adadin a ƙauyukan da ko mota ba ta zuwa, ba a tsare ta da 'yan ɗaruruwan jami'ai.

Sai an tsaya a bakin kogi ranar kasuwa ake gane tushen matsalar. Jirgin katako ne guda ɗaya, an ɗaura masa inji a baya, an toshe tsagoginsa da tsumma da kwalta, ga yaro a tsakiya yana kwarfe ruwa da ƙoƙo. A cikinsa za a jera buhunan shinkafa da masara, a ɗora babura, a ɗaure awaki, sannan mata da goyo su zauna a kan kayan. Kafin a tashi, bakin jirgin ya kusa shafar ruwa. Kowa a wurin yana ganin haɗarin da idonsa. Amma matar da ta ƙi shiga ta san babu wani jirgin sai gobe, kasuwa kuma ba ta jira. Shi ma mai fito yana lissafin man da zai ƙona zuwa da dawowa. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya ninka sau da dama, alhali mutanen ƙauye ba za su iya biyan kuɗin fito ninki-ba-ninki ba. Hanyar da ta rage masa ita ce ya haɗa sawu biyu a sawu ɗaya.

Tafiyar dare ma da dalilinta. Kasuwa takan watse da yamma, biki da Mauludi da dare ake yin su, kuma a wasu yankunan Neja, Kebbi, Zamfara da Sakkwato tsoron 'yan bindiga ya sa mutane suka ƙaurace wa hanyar mota suka koma ta ruwa. Sannan shi kansa ruwan ba a gyara shi ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, da ta Jebba daga baya, itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa. Kututturen da matuƙi ke kauce wa da rana saboda ya san wurinsa, shi ne ke farke cikin jirgi da dare. Share hanyar ruwa da kafa alamomi a kanta ba aikin mai kwalekwale ba ne, kamar yadda cike ramin titi ba aikin direba ba ne.

Gwamnati na gina titi da gada ba tare da ta ce sai sun dawo mata da riba ba. Tana ɗaukar asarar jiragen ƙasa, ta sha tallafa wa takin zamani da kujerar aikin Hajji. Ga mutanen Yauri, Borgu, Patigi, Katcha da Ibi, kogi shi ne titinsu, jirgin fito kuma shi ne gadarsu. Ba alfarma suke roƙo ba idan suka nemi a kashe kuɗin jama'a a kan hanyar da suke bi zuwa gona, kasuwa, makaranta da asibiti. Jihar Legas ta riga ta gane haka: tana da hukumarta ta kula da hanyoyin ruwa da kamfanin jiragen fito na gwamnati. Babu abin da ya hana jihohin da kogin Kwara da na Binuwai suka ratsa yin irin wannan, tare da haɗin guiwar tarayya.

Sai dai kuɗi kaɗai ba magani ba ne, kuma duniya ta ga misalin haka. Jirgin Joola da ya kife a gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumban 2002, a hanyarsa daga Ziguinchor zuwa Dakar, mallakar gwamnatin Senegal ne, sojojin ƙasar ne kuma ke tafiyar da shi. An ƙera shi domin mutum ɗari biyar da 'yan kai, amma fiye da 1,800 ne suka mutu a cikinsa. Darasin a bayyane yake: idan mai jirgi shi ne kuma mai duba jirgi, babu wanda zai ce a tsaya. Don haka dole mai ba da tallafi, da mai tuƙi, da mai sa ido su zama hannaye daban-daban.

A gida ma muna da shaidar yadda kuɗi ke zurarewa idan babu bibiya. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya ƙaddamar da aikin yashe kogin Kwara daga Warri zuwa Baro, nisan kilomita 572. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro, wadda ta ci biliyoyin naira. Baro kuwa ba baƙuwa ba ce a tarihin fatauci, domin daga nan aka shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911. Amma shekaru suka shuɗe bayan bikin buɗewar tashar na zaune shiru, saboda hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro ba ta kammalu ba, tsohon layin dogon kuma ya mutu. Kayan da ya kamata su bi ruwa, irin su siminti, taki da hatsi, suna nan a kan tireloli suna farfasa hanyar Bida, Mokwa da Jebba, talaka na biyan kuɗin a farashin abinci. Haka nan asusun tallafa wa 'yan ƙasa su mallaki jiragen dakon kaya, wanda dokar 2003 ta kafa kuma ake tara masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin kwangilar jigila, ya shafe fiye da shekara ashirin ba a raba shi ba.

Saboda haka muke kira da a ɗaure tallafi da sharaɗi. Gwamnatin tarayya da jihohi su zaɓi mashigan da suka fi cunkoso, musamman na ranakun kasuwa, su sa jiragen ƙarfe ko na faiba masu tashi a kan lokaci, su cike giɓin da ke tsakanin abin da fasinja zai iya biya da abin da tafiyar ke ci. A ware jirgin kaya daban da na mutane, domin haɗa su ne ke sa jirgi ya rinjaya. Masu fito na yanzu kada a kore su daga sana'ar kakanninsu: a ba ƙungiyoyinsu bashi mai sauƙi su sauya tsofaffin jirage, a kuma ba su rangwamen mai, amma ga wanda ya yi rajista kawai, aka rubuta adadin mutanen da zai ɗauka ɓaro-ɓaro a jikin jirginsa, yake kuma rubuta sunayen fasinja kafin ya tashi. Wanda ya karya sharaɗi ya rasa tallafin, ya kuma fuskanci kotu. Matuƙin da ya san akwai abin da zai rasa, shi ne zai iya duban ɗan'uwansa ya ce jirgi ya cika.

Rabon rigunan kariya da ma'aikatar harkokin teku da hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, wato HYPPADEC, suke yi abin yabo ne, amma rigar da aka kulle a sito ko aka sayar a kasuwa ba ta ceton kowa. A damƙa su ga Sarkin Ruwa da dagatai da shugabannin masu fito a kowace mashiga, a riƙa ƙidaya su, a kuma biya matasan Sarkawa da sauran masunta albashi a matsayin masu sa ido da masu ceto, tunda dama su ne ke fara faɗawa ruwa kafin wani jami'i ya iso. Malamai da limamai su ci gaba da tunatar da jama'a cewa ɗaukar matakin kariya ba ya cin karo da tawakkali. Rahoton kowane bincike kuma a wallafa shi kowa ya gani, haɗe da bayanin abin da aka kashe a kan kowace tasha da kowane jirgi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kira ga ministan harkokin teku, da shugabannin NIWA, da gwamnonin jihohin da ke bakin koguna, da 'yan majalisar da ke wakiltar waɗannan al'ummu, su sa kuɗin jiragen fito a kasafin kuɗi mai zuwa, su kuma faɗa wa jama'a mashigar da za a fara da ita da ranar da za a fara. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba shugabanninmu ikon sauke wannan amana.