Mura Ta Wuce, Zuciya Ta Ƙi Lafawa

Tambayar wannan makon daga wata uwa ce a Agwada, kusa da Keffi. Ta ce 'yarta ta yi mura mai zazzaɓi, ta warke yau sati 3, amma da zarar ta miƙe tsaye sai zuciyarta ta riƙa dukan uku-uku, jiri ya ɗebe ta. Maƙwabciya ta ce su sayi propranolol a kemis. Ko su saya?

Hajiya, a dakata tukuna. Zuciyar babban mutum a zaune tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Bayan mura ko korona, wasu tasu kan haura haka har tsawon makonni, musamman idan sun tashi tsaye. Sai dai ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, rashin ruwa a jiki, ciwon maƙoƙo da kumburin naman zuciya duk suna kawo haka, kuma kowanne maganinsa daban. Rage gudun zuciya ba a san dalili ba, rufe ƙura ne da fatar akuya.

Ku duba gida ma. Maganin mura mai pseudoephedrine, goro, kofi da lemon ƙarin kuzari duk suna ingiza zuciya.

A kai ta asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, a yi mata gwajin ECG da na jini. Idan babu wata cuta a ƙasa, likita kan fara da yawan shan ruwa da motsa jiki sannu a hankali. In bai wadatar ba, zai iya rubuta propranolol ko bisoprolol kaɗan, ko ivabradine, wanda ke rage bugun ba tare da ya sauke hawan jini sosai ba. Propranolol na iya toshe numfashin mai asma, mai ciki ba ta shan ivabradine, kuma wanda ya fara propranolol ba ya yanke shi kwatsam.

Kafin ku je, ƙirga bugunta a wuyan hannu tana kwance, sannan bayan ta tsaya minti 10, ku rubuta wa likita. In ta suma, ko ƙirji ya yi ciwo, ko numfashi ya sarƙe, kada a jira gari ya waye.

Allah Ya ba ta lafiya. Sai mako mai zuwa.